Miyar Kifi Da Madara A Birnin Bergen

Yau labarin tafiya na kawo muku.

A ƙarshen watan Yuli na 2023, da aka ba mu dogon hutu, na tafi ganin yayana da ke karatu a Bergen, wani birni na bakin teku a yammacin ƙasar Norwe. Daga Oslo, babban birninsu, tafiyar kamar awa bakwai ce cikin jirgin ƙasa. Wai lokacin zafinsu ke nan, amma ni ban tuɓe rigar sanyi ba, ga ruwan sama kusan kullum. Rana kuwa ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe goma na dare, har na riƙa duban agogo kafin in yi sallar magariba.

Garin yana kwance ne tsakanin duwatsu da ruwa. A bakin tashar jiragen akwai jerin gidajen katako masu launi da a ke kira Bryggen, inda fataken Jamus suka kafa ciniki tun wajen 1360, suna sayen busasshen kifi. Irin kifin nan ne mai tauri kamar itace da mu ke gani a kasuwar Sabon Gari. Amma ba wannan ne ya tsaya mini a rai ba.

Tsohuwar da yayana ke haya a gidanta ta gayyace mu cin abinci. Ta kawo miyar kifi fara fat, an dama ta da madara. Da na gani sai gabana ya faɗi, gama tun ina yarinya kakata ta hore ni cewa kifi da nono ba su haɗuwa, kuturta ke biyo baya. Na yi ta juya cokali ban kai baki ba. Ta ce, "'Yata, ko gishiri ne bai ji ba?" Yayana ya fashe da dariya, ya tona mini asiri. Ita kam ba ta yi dariya ba. Ta ce gobe in shirya za ta kai ni wani wuri.

Wurin nan shi ne tsohon asibitin kutare na St. Jørgen, wanda yanzu an mai da shi gidan tarihi. To, ni dai ban taɓa zaton Turawa sun yi kuturta ba. Ashe tsakanin 1850 da 1900 asibitin kutare uku ne a wannan gari kaɗai. Na leƙa ɗakunan, ƙanana ƙwarai, kusan ka miƙa hannu ka taɓa bango biyu. Marasa lafiya biyu na ƙarshe sun rasu a nan cikin 1946.

Su ma fa da sun ɗauka cutar gado ce, har babban likitansu, Danielssen, haka ya yi imani. Sai wani saurayin likita, Armauer Hansen, wanda ya auri 'yarsa, ya ƙi yarda. A 1873 ya duba naman masu ciwon da madubin nan mai girmama abu, ya ga waɗansu ƙwayoyi kamar guntayen tsinke. Watau ƙwayar cuta ce, ba gado ba, ba kuma abinci ba. Ku dubi ƙarfin hali, yaro ya musa wa surukinsa!

Ina tsaye nan sai wata yarinya ta ajina ta faɗo mini a rai. Uwarta ta rasa yatsu. Lokacin tara 'yan'uwanta ba su cin abinci da ita, ita kaɗai ke zama gindin darbejiya. Ba zan ɓoye muku ba, ran da ta kawo mini gyaɗa daga gida na karɓa da gefen gyale, na ba maigadi. Ni da na fito kwalejin horon malamai, na kuma ci jarrabawar kiwon lafiya! Na tabbata ta gani.

Ga abin da na ke so ku riƙe. Wajen mutum 95 cikin 100 jikinsu ba ya kamuwa da kuturta sam. Ba a ɗaukarta ta gaisuwa ko cin tuwo tare. Sai an daɗe ana zama kusa da wanda bai fara magani ba. Tana warkewa da ƙwayoyi na wata shida ko goma sha biyu, kuma tun 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da su kyauta. Wanda ya fara sha ya daina yaɗa ta. Idan kun ga tabo mai haske a jikin yaro, kun taɓa bai ji ba, kada ku rufe da zane don jin kunya, ku kai shi asibiti. Jinkiri ne ke cin yatsu.

Da maraice tsohuwar ta ɗumama sauran miyar, na shanye kwano guda, ko da ya ke yaji ya yi mata kaɗan. Da aka koma makaranta a watan Satumba, na ɗauki kwanona na tafi gindin darbejiyar nan. Yarinyar ta dube ni, ta matsa gefe, ta ce, "Malama, ko wani laifi na yi?" Na ce a'a, ta dai miƙo mini gyaɗa in tana da ita.