Kyanwa da Akuya a Gidan Liman



Gidan liman gida ne da ba a rufe ƙofarsa. Tun daga sallar asuba har bayan isha'i jama'a ke shiga da fita: wannan ya zo ɗaurin aure, wancan ya zo neman sulhu, ga almajirai da allunansu, ga mata masu aiko tambaya ta bakin mahaifiyarmu. Ƙofar da ba ta rufuwa ga mutane kuwa ba ta rufuwa ga dabbobi. Don haka mu da muka tashi a irin wannan gida a Kolofata mun daɗe da wata tambaya wadda wasu za su ga ƙarama ce, wato yadda za a zauna da dabba a gida ɗaya, a ba ta haƙƙinta, amma ta san akwai wuraren da ƙafarta ba ta takawa.

A gidanmu wuraren nan uku ne. Akwai zauren mahaifinmu, inda buzunsa na salla yake shimfiɗe kuma littattafansa suke jere, wasunsu rubutun hannu ne da ya gada, idan sun lalace babu kasuwar da za a sayo madadinsu. Akwai madafa da randunan ruwan sha. Sa'an nan akwai ɗakin da mai jego take kwana da jaririnta.

Kafin shekarar 2014 al'amarin yana da sauƙi, domin awaki da tumaki suna wuni a daji su kwana a garke bayan gida. Amma tun daga harin da aka kai wa garin a watan Yuli na 2014, da wanda ya biyo baya a Janairun 2015, da satar dabbobi da ta yawaita a ƙauyukan bakin iyaka ta wajen Kerawa da Amshide, kowa ya jawo abin kiwonsa cikin gida. 'Yan'uwa da suka baro ƙauyuka suka sauka a gidajen dangi da yaransu da kajinsu. Tsakar gidan da dā ake shanya albasa ta koma makwancin akuya. Cunkoson nan ne ya sa abin da dā ake gyarawa da tsawa ɗaya ya zama aikin da sai an zauna an yi masa tunani.

Wani zai ce a kori kyanwar mana a huta. Wanda ya faɗi haka bai taɓa buɗe gafaka ya tarar ɓera ya cinye gefen takardu ba, kuma bai san cewa inda ɓera ya yi yawa maciji yana biyo shi ba. Gidan da ke da rumbun dawa da masakwa da tarin takardu ba ya rabuwa da kyanwa. Shari'a ma ba ta ƙyamace ta ba. A cikin Muwaɗɗa na Imamu Malik an kawo labarin sahabi Abu Ƙatada da ya karkata wa kyanwa mazubin ruwan alwalarsa har ta sha, kuma malamanmu sun tafi a kan cewa sauran ruwanta mai tsarki ne matuƙar ba a ga najasa a bakinta ba. Inda maganar ta canza shi ne fitsarinta da kashinta: a mazhabar Malikiyya, kamar yadda yake a Mukhtasar na Khalil, abin da ya fita daga dabbar da aka haramta ko aka karhanta cin namanta najasa ne, kyanwa kuwa tana cikin waɗanda aka karhanta. Na akuya da tunkiya mai tsarki ne, sai dai in dabbar tana cin ƙazanta, wanda shi ne halin yawancin kajin da ke yawo a kwata. Ashe ke nan kyanwa ta ratsa ta kan buzu ba komai, abin gudu shi ne ta mai da shi wurin biyan buƙatarta. A ɗaya gefen kuma ga hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito game da matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha har ta mutu. Tsakanin waɗannan iyakoki biyu mai gida yake tafiya.

Abin da aka fi sabawa da shi a garuruwanmu shi ne jifa da takalmi. Mun ga ana yi shekara da shekaru, kuma mun ga abin da yake haifarwa. Kyanwa ba ta haɗa dukan da aka yi mata yanzu da laifin da ta yi ɗazu. Abin da take ganewa shi ne wannan mutum mai jifa ne. Sai ta daina shiga zaure idan yana nan, ta shiga da zarar ya tafi masallaci. An koya mata tsoron mutum, wurin kuwa yana nan da daɗinsa kamar yadda ta san shi. Duk dabarar da ta yi mana aiki ta ginu ne a kan abu ɗaya: wurin da kansa ya zama mara daɗi gare ta, ko da mutum ko babu, kuma rashin daɗin ya same ta a daidai lokacin da ta taka, ba tare da ya ji mata ciwo ba.

Kafin a kai ga haka, sai an tambayi abin da take nema a wurin. Dabba ba ta shiga ɗaki don raini. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, kyanwa tana bin gindin randa ne saboda yashin da ke ƙarƙashinta yana da danshi da sanyi. Da hunturu kuma tokar murhu take bi don ɗumi, kuma nan ne da yawa suke ƙona tafin ƙafa a garwashin da bai mutu ba. Kan tarin littattafai tana hawa ne domin tana son wuri mai tudu da za ta riƙa hango ƙofa. Buzu kuwa laushi ne da warin fata. Idan aka hana ta waɗannan ba a ba ta madadinsu ba, za ta dawo ko sau nawa aka kore ta. Mu dai sai da aka zuba mata yashi mai ɗan danshi a inuwar dalbejiya, aka ajiye mata tsohon buhu a kan wani benci da ke kallon ƙofar gida, aka ware mata kasko na ruwa, kafin sauran dabarun su fara tasiri.

Na farko a cikinsu shi ne wari. Hancin kyanwa ya fi namu nesa ba kusa ba, kuma ba ta son warin lemun tsami da ɓawon lemu. Ana yanka ɓawon a jera a bakin ƙofa da gefen akwatin littattafai, a riƙa sabuntawa bayan kwana biyu domin iskar yankinmu tana busar da shi da wuri. Wannan yana rage shiga, amma kyanwa mai taurin kai tana tsallakewa. Abin da ya fi shi ƙarfi shi ne ƙara. Ana samun gwangwanin madara ko na tumatir guda biyu ko uku, a zuba tsakuwa a ciki, a ɗora su a kan wani faifai da aka ɗan zaro daga bakin kanta, ta yadda da ta diro a kai sai su zube. Ba ta ji ciwo ba, ba ta ga hannun kowa ba, amma ta firgita, kuma kantar ce ta firgita ta. Sau uku ko huɗu ya ishi yawancinsu. Ga ƙasan ƙofa kuma ana shimfiɗa abin da tafin ƙafarta ba ya so, kamar tsohuwar ledar buhu mai ƙara ko tabarmar da aka yayyafa wa ruwa. Buzu da darduma kuwa maganinsu a naɗe su a rataye bayan kowace salla, randa a rufe ta da murfi mai nauyi maimakon faifai.

Inda ta riga ta yi fitsari sai an wanke shi sarai, domin warin da mu ba mu ji shi ne yake kiranta ta sake. A nan akwai abin da mata da yawa ba su sani ba: ruwan jabel, wanda ake ganin shi ne ƙarshen tsabta, warinsa yana jan kyanwoyi da dama, har ka ga tana birgima a inda aka zuba shi. Ruwa da sabulu, a bi da ruwan lemun tsami, a shanya a rana, ya fi.

Mafi wuyar sha'anin duka mutanen gida ne. Dokar da mutum tara suka kiyaye, na goma yana iya rushe ta da ƙashin kifi ɗaya. Kakarmu, Allah Ya jiƙanta, takan jefa wa kyanwa loma daga bakin murhu, idan aka yi magana ta ce, “Ku bar ta, baiwar Allah ce, da rabonta ta zo.” Mahaifinmu bai taɓa musa mata ba. Ya ce mata ne kawai, “Gaskiya ne Inna, rabonta ne. Ga kaskonta can gindin bishiya, in an zuba mata a can ladan bai ragu ba.” Daga ranar ita da kanta take ɗaukar lomar ta kai can, kyanwar na biye da ita. Dabba tana zuwa inda ake ba ta, saboda haka wanda ya ba ta abinci a madafa ko sau ɗaya a mako ya koya mata jira a madafa kullum.

Akuya kuwa wani babi ne. Tana da wayo, tana gane murya, amma cikinta ya fi ƙarfin karatunta, kuma takarda abinci ce a wurinta. Almajirin da ya bar takardarsa a ƙasa ya tafi alwala ya san haka. Ba mu ga warin da ya hana akuya ba. Maganinta turke da igiya, da danga mai tsayi, da ƙaramin ƙyaure mai kai ƙugu a ƙofar zaure, wanda mutum zai tura ya wuce ya kuma koma da kansa ya rufe. A rataye mata harawa ko ganyen wake sama da ƙasa a wurinta, domin akuya ta fi son ta miƙa wuya ta ci, kuma wadda ta ƙoshi ba ta cika haura katanga ba. Kaza kuwa, sai akurki. Kare, ga masu ajiye shi don gadin garke ko gona, ya fi su duka saurin ɗaukar doka idan kalma ɗaya ake faɗa masa kullum a bakin ƙofa ɗaya, amma a tabbata an yi masa allurar ciwon haukan kare a wajen ma'aikatan dabbobi, domin cutar nan idan alamunta suka bayyana a jikin mutum kusan babu mai tsira.

Akwai abubuwan da muke roƙon 'yan'uwa su nisanta, ko da an ce musu suna aiki. Barbaɗa garin barkono yana shiga idon dabba, yana kuma shiga idon yaro mai rarrafe. Ƙwallayen kafur da ake sa wa tufafi guba ne ga kyanwa da yara duka. Maganin feshin auduga, wanda ba ya wuyar samu a gidajen manomanmu, bai kamata ya kusanci bakin ƙofa ko madafa ba. Maganin ɓera yana iya kashe kyanwar da ta ci ɓeran. Haka nan farasitamol, da wasu ke ba ta don tausayi idan ta yi rashin lafiya, ƙwaya ɗaya tana iya halaka ta.

Game da ɗakin mai jego, a nan ba mu dogara da dabara ba, ƙyaure ake rufewa, a kuma sauke gidan sauro a soke gefensa ƙarƙashin katifa, domin kyanwa tana son ɗumin shimfiɗar jariri da warin nono. Mace mai ciki kuma kada a bar ta da kwashe yashin da kyanwa ke kashi a ciki. Akwai wata ƙwayar cuta da ake kira tokzoplasma, wadda masana biyu, Nicolle da Manceaux, suka gano a Tunis a 1908. Tana fita a kashin kyanwa kuma tana iya cutar da ɗan tayi. Ba ta zama mai kamuwa sai kashin ya kwana ɗaya zuwa biyar, don haka a riƙa kwashewa kullum, wani ne zai kwashe, ya wanke hannu da sabulu.

Lokaci ɗaya ne muka ga duk wannan tarbiyya tana neman rushewa, wato idan kyanwa ta kusa haihuwa. Cikinta kimanin kwana 63 zuwa 65 ne, kuma a makon ƙarshe takan manta da gwangwani da lemun tsami, ta shiga neman wuri mai duhu da babu hayaniya. A gida irin namu babu inda ya kai bayan akwatin littattafai cika wannan sharaɗi. Saboda haka da an ga cikinta ya sauka, sai a rufe zaure idan babu kowa, a sa mata kwali da tsummoki a lungun rumbu, a riƙa kai mata abinci can tun kafin ranar. Idan ta haihu a inda aka zaɓa mata, 'ya'yan suna tashi suna bin sawunta, kuma galibi ba sai an sake ɗora musu gwangwani a kan kanta ba.