Daren da wayar maigadi ta fi tawa amfani

Makon jiya a shirinmu na safe wani saurayi ya kira daga Madawa, ya ce ya samu aiki, ana ba shi shawara ya shiga abonma, a ba shi babbar waya ya riƙa biya wata-wata. Ya tambayi ra'ayina, lokaci kuma ya ƙure mana. Na yi masa alkawarin amsa a nan. To ga ta, kuma labarin kaina ne.

Lokacin da albashina ya fara tsayuwa a gidan rediyo, sai na ga ai na wuce tsayawa gaban mai tebur ina sayen kiredin dala ashirin. Na je ofishin wani kamfanin waya, aka zaunar da ni cikin sanyi, aka miƙo mini takarda da Faransanci. Ni da na yi lakkwal, na karanta manyan layuka na bar ƙanana, na sa hannu. Na fito da waya sabuwa dal da alkawarin biya har wata 12.

Watannin farko kam na ji daɗi. Ba na duba abin da ya rage, ba na jin muryar matar nan mai cewa kuɗinka sun ƙare. Mai saurare ya yi mini bip, in kira shi mu sha hira. Abin da ban lura ba, duk minti da duk mega da na ɗora a kan abin da aka yanka mini, ana rubuta shi gefe. Sai ƙarshen wata faktir ta zo, in riƙe baki.

Kun san yadda rediyo mai zaman kanta take rayuwa: talla da sanarwar biki da ta rasuwa. Da damina ta shigo talla ta ja baya, albashi ya makara wata biyu. Faktir kuwa ba ta san damina ba. Aka rufe mini kira: ana iya samuna, ni ba na iya kiran kowa.

Wani dare wajen ƙarfe 11, sai ga bip ɗin ƙanena daga ƙauyenmu, can wajen Tasawa. Ya sake, ya sake, har sau biyar. Duk wanda ya bar tsohuwa a ƙauye ya san ma'anar bip biyar da dare. Shi ba shi da kiredi, ni kuma ga waya mai tsada a hannu amma ta zama madubi. Da layin kiredi ne, da na ruga bakin titi na sayi na dala ashirin. Nawa kuwa sai an biya bashin duka, kuma ofishin sai da safe.

Na fito waje ko takalmi babu. Maigadin layinmu, wani dattijo, yana zaune kan tabarma da ƴar rediyonsa. Na ce, "Baba, don Allah ara mini wayarka, Inna ce ba lafiya." Bai tambaye ni komi ba. Ya ciro ƴar ƙaramar waya da aka ɗaure da roba, ya ce, "Ungo ɗana, akwai dala hamsin ciki, kira har su ƙare." Da waɗannan dala hamsin na ji cewa zazzaɓi ya kayar da Inna, na samu mai mota ya kai ta likita a Tasawa. Alhamdu lillahi ta tashi. Amma daren nan ban yi barci ba, kunya da tsoro suka hana ni.

Da na gama biyan bashin, na koma layin kiredi, har yau. Dalilina ba fushi ba ne kaɗai. Dubi yadda kuɗi suke shigowa hannunmu: ɗan kabu-kabu kullum, mai awara kullum, manomi sai kaka, ma'aikaci ma sai ranar da Allah ya yi. Alkawarin wata-wata an yi shi ne don wanda kuɗinsa ba su latti. Mu nawa ne haka?

Sannan ga maganar rezo. Mun ga Celtel ya zama Zain, ya zama Airtel a 2010. Mun ga Sonitel da SahelCom sun haɗe sun zama Niger Telecoms, an sayar da Orange a 2019 ya koma Zamani. Layin da yake kamawa a Yamai ba lalle ya kama a ƙauyenku ba. Shi ya sa wayoyin Tecno da Itel masu layi biyu suka cika kasuwa, ɗan kasuwar da yake bi ta Ɗan Isa zuwa Jibiya ma yana da layin Najeriya a aljihu. Wanda ya sayi wayarsa da kuɗinsa, inda rezo ya fi kyau nan yake komawa, ba ya neman izinin kowa.

Kada in ɓoye muku, kiredi ma yana da nasa ciwo. Forfe na kwana guda, in ka lissafa, ya fi na wata tsada, kuma megan da ba ka taɓa ba yakan tafi in wa'adi ya cika. Talaka mai saye kaɗan-kaɗan shi yake biya da yawa. Ni dabarata, ranar da albashi ya shigo nake sayen na wata, in kashe bidiyon da yake buɗe kansa a Facebook, in hana WhatsApp sauke kowane hoto na gurup. Kuma kullum ina barin ɗan kiredin da ba na taɓawa, na dare.

Abonma ba haramun ba ne. In ma'aikatarku ce take biya, ko kana da shagon da kira ne jarinsa, bismilla. Amma kai ƙanena na Madawa, aikinka ko wata uku bai yi ba. Tara kuɗinka, sayi wayar da ƙarfinka ya kai, ko ta hannu ce. In kuma ka nace sai ka sa hannu, karanta ƙananan layukan nan, ka tambaye su: in na makara, me za ku rufe, kuma yaushe?

Baba maigadi yana nan. Duk Juma'a ina tura masa kiredin dala ɗari, kullum sai ya ce sun yi masa yawa.

Allah Ya raba mu da bashi, Ya ba iyayenmu lafiya. Sai mun haɗu a shirin gobe.