Kafin Mu Sayi Sabuwa, Mun Buɗe Tsohuwar



Kwamfutar ofishin ƙungiya HP ce ta hannu, kuma a kanta yaranmu ke gwajin JAMB, wadda tun 2015 da kwamfuta ake rubuta ta. Da ta fara nauyi, wasu suka ce a tara kuɗin sabuwa. Muka ce a buɗe ta tukuna.

Lambar da ke jikin akwatin ita ta nuna mana abin da za ta ɗauka. RAM ɗinta DDR3 ne mai 4GB, kuma DDR4 ba ya shiga raminsa ko an danna. Muka samo irinsa a Kafanchan, ya zama 8GB. Tsohon faifan ajiya mai juyawa muka musanya shi da SSD. Yanzu kafin yaro ya gyara zama ta tashi.

Saura abu ɗaya: ta tsufa wa Windows 11, kuma Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025. Don haka ba ma shiga asusun bankin ƙungiya a kanta.

Mai tsohuwar kwamfuta a ajiye, ya kawo mu duba. Yara na jiran layi.