Allo da alli a Damagaram

Wanda ya bar Roni da sanyin safiya, ya hau titin Kazaure zuwa Daura, ya ƙetare iyaka ta Kwangwalam, ya bi ta Ɗan Barto da Matamaye, zai iya yin sallar La'asar a Damagaram. Duk tsawon hanyar nan ba ya bukatar tafinta. Hausar da ya sayi ƙosai da ita a tashar Kazaure ita zai yi cinikin kilishi da ita a can, sai ɗan bambancin lafazi. Abin da ke sauyawa da zarar an wuce shingen jandarmomi shi ne rubutu: allunan gefen hanya da takardar asibiti da rasiɗin kuɗi duk da Faransanci suke. Zumunci ne ya kai ni a hunturun da ya wuce, amma da yake koyarwa ce sana'ata, sai na roƙi mai masaukina ya haɗa ni da wani malamin firamaren unguwarsu. Ina son in ga yadda ake cusa Faransanci a bakin yaron da ya tashi da Hausa kamar namu.

Makarantar, ko lakwal kamar yadda suke cewa, ba ta fi tamu gata ba. Wasu azuzuwan na siminti ne, wasu kuwa rumfunan zana ne, yara na zaune a kan tabarmi da buhuna. Irin waɗannan rumfunan ne gobara ta cinye a Maraɗi a watan Nuwamba na 2021, yara sama da 20 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Don haka kada mai karatu ya ɗauka labarin wata ƙasar wadata zan ba shi. Firamarensu shekara shida ce kamar tamu, daga ajin da suke kira CI, sai CP, sai CE1 da CE2, a ƙare da CM1 da CM2. Malamin da ya karɓe ni, wanda yara da iyaye duk suke kira Mushe, yana riƙe da CE1, daidai da aji uku a wurinmu.

Abu na farko da ya ja hankalina shi ne babu yaron da ya zo hannu rabbana. Kowa na da ɗan ƙaramin allo na hannu da guntun alli da tsumman gogewa. Mushe ya tsaya a gaban aji riƙe da sanda, ba ta duka ba, ta buga tebur. Ya ɗaga hoton akuya, ya tambaya da Faransanci mece ce wannan. Yara suka ɗaga alli sama, babu mai rubutu, kowa na tunani. Ya buga tebur sau ɗaya, kawuna suka sunkuya, sai ƙarar alli kake ji. Ya sake bugawa, alluna suka tashi sama gaba ɗaya suna fuskantarsa. Cikin ƙiftawar ido ya ga wanda ya rubuta la chèvre daidai, da wanda ya manta alamar saman harafi, da wata yarinya a can baya da ta bar allonta fayau. Bai tsawata mata ba. Ya ɗauki allon maƙwabciyarta ya nuna wa aji, aka karanta tare, aka goge, aka wuce zuwa hoton rijiya. Sunan wannan dabara La Martinière, daga wata makaranta da ke birnin Liyon a Faransa, kuma tun ƙarni na 19 ake amfani da ita. Ni abin da ya burge ni shi ne a aji mai cunkoso irin wannan kowane yaro ya ba da amsa, ba 'yan gaban nan uku ko huɗu da suka saba ɗaga hannu kaɗai ba. Mu da muka tashi da allon makarantar allo bai kamata a ce sai mun ƙetare iyaka za mu tuna amfanin allo a hannun yaro ba.

Bayan haka sai darasin magana. Mushe ya manna babban zane a bango: wata mata a bakin rijiya, wani yaro ya zo neman ruwa. Ya faɗi hirar da ke tsakaninsu, jimla huɗu kacal, yana sauya murya, yana kwatantawa da hannu. Yara suka maimaita layi layi, sannan biyu biyu suka fito gaba suka taka rawar, da guga na gaske da kwanon sha na gaske. Da hirar ta zauna sai ya fara sauya kalma ɗaya: ruwa ya koma nono, matar ta koma tsoho, yaron ya koma yarinya. A nan ne nahawu ke shiga ba tare da an ambaci sunansa ba.

Na lura ba ya jin nauyin komawa Hausa in tafiya ta cije. Da ya zo bambance le da la, cewa ya yi da su, kun san dai rana mace ce a Hausa, wata kuma namiji, to Bafaranshe ya juya su, rana namiji, wata mace. Aji ya kwashe da dariya, kuma na tabbata ba za su manta ba. Ɗan Hausa ya riga ya san kowane suna yana da jinsi, abin da Ingilishi bai damu da shi ba, ashe wannan jari ne a hannun mai koyar da Faransanci. Haka ya yi da sautin p, wanda harshenmu ke haɗa shi da f. Ya raba musu ƙananan takardu, kowa ya riƙe a gaban leɓensa. In ka ce pou takardar ta yi tsalle sau ɗaya, in ka ce fou ta kwanta a hankali da iska mai tsawo. Yaran suka yi ta gwadawa har lokacin tara, wasu ma suka fita da takardunsu filin wasa.

Da muka zauna shan shayi na ce masa, "Mushe, ashe ana barin ku ku yi Hausa a aji?" Ya ce, "Malam, da ba a bari." Ya ba ni labarin sambal, wani ƙashi ko guntun itace da ake rataya wa yaron da aka kama yana Hausa a harabar makaranta, shi kuma ya yi ta farautar wanda zai miƙa wa kafin a tashi, don wanda ya kwana da shi ya sha bulala. Dattawan da suka yi karatu da littafin Mamadou et Bineta duk sun san shi. Ban yi mamaki ba, domin a namu makarantun ma an daɗe ana cin tarar yara saboda sun yi harshen iyayensu. A nan Damagaram ɗin, a unguwar Zango, aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Nijar a 1973, inda yaro ke fara karatu da rubutu da Hausa, Faransanci ya shigo a hankali har ya karɓi ragama a manyan azuzuwa. Dokar ilimi ta 1998 ta amince da harsunan gida a koyarwa, cibiyar INDRAP ta Yamai kuma ita ke shirya littattafan. Har yau ba kowace makaranta ce ke bin tsarin harshe biyu ba, kuma sakamakon ƙasar bai kai abin alfahari ba. Binciken PASEC na 2014 ya nuna waɗanda suka iya karatu yadda ya kamata a ƙarshen firamare ba su kai ɗaya cikin goma ba, a na 2019 suka kai wajen uku cikin goma. Da sauran aiki ja a gabansu. Amma ajin da na zauna, yara na buɗe baki suna magana, kuma wannan shi ne abin da na je nema.

Washegari aka yi kasuwa a cikin aji, wadda ita ce ta fi kwanta mini a rai. A kusurwar aji an jera gwangwanayen madara da na tumatir da babu komai ciki, da kwalin ashana, da ɗaurin yakuwa da zogale daga ɗan lambun makaranta, kowanne da sunansa da farashinsa a rubuce. Kuɗin kuwa takardu ne da yaran suka yanka suka zana da kansu. Wata yarinya ta zauna a matsayin mai kanti, wani yaro ya zo saye. Dole ya gaisa, ya tambayi kuɗi, ya nemi ragi, ya karɓi canji, duk da Faransanci. Wahalar ba ƙarama ba ce, domin a kasuwar Dole ta garin da dala ake lissafi, dala ɗaya sefa biyar, abin da mahaifiyarsa ke kira dala ashirin shi ne ɗari a rubuce. Ga kuma ƙidayar Faransanci da ke kiran 80 ashirin huɗu, 90 kuma ashirin huɗu da goma. Yaron ya tsaya yana lissafi da yatsu, 'yan aji na raɗa masa, mai kanti ta ƙi sakin gwangwani sai ya faɗi daidai. Da ya faɗa aka tafa masa. A darasi ɗaya an yi harshe, an yi lissafi, an yi ladabin ciniki, ba a kashe ko sisi ba.

A hanyar dawowa ne abin ya dame ni. Tun 1996 Janar Sani Abacha ya ayyana Faransanci a matsayin harshen hukuma na biyu a Nijeriya, manhajar ilimin bai ɗaya kuma ta sa shi daga aji huɗu na firamare. Amma a yawancin makarantun ƙauyukanmu sunansa kawai aka sani, babu mai koyar da shi. Inda aka dace da malami, sau da yawa darasin ba ya wuce kwafar jerin kalmomi daga allon bango, a haddace don jarrabawa, a manta bayan hutu. Ɗalibanmu masu nazarin harshen a manyan makarantu ƙauyen Faransanci na Badagry ake kai su, wanda aka kafa a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro jiharmu ta Jigawa, tafiyar sama da kilomita 1,000. Ga Babura tana kallon Magarya, ga kasuwar Maigatari da ke cika da 'yan Nijar duk Alhamis, ga layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka shata ta Kazaure da Daura. Yaron Roni ko Gwiwa da ya iya karanta takardar Faransanci yana da abin yi a iyaka, a asibiti, a harkar fatauci, da ma ofisoshin ƙasa da ƙasa.

Wani zai ce ai su kansu 'yan Nijar sun juya wa Faransanci baya. Gaskiya ne a watan Maris na 2025 sun fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, sabon kundin mulkinsu kuma ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. Amma kundin ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, kuma da Faransanci ake rubuta takardu a Benin da Chadi da Kamaru da Togo, duk wuraren da Bahaushe ke kai kaya. Wannan sauyi ma dama ce. Mushe da kansa ya ce mini yanzu Ingilishi suke nema ido rufe. Suna da abin da muke so, muna da abin da suke so, ga Hausa a tsakani.

Shi ya sa nake kira ga sakatarorin ilimi na Roni da Kazaure da Gwiwa da Babura, da hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha, da su fara da abin da ba ya cin kuɗi. Kafinta zai yanka allunan hannu daga falle ɗaya na katako, a shafa baƙin fenti, su ishi aji guda, kuma za su yi amfani a lissafi da Ingilishi da Hausa, ba Faransanci kaɗai ba. A nemi 'yan Nijar mazauna garuruwanmu da suka yi lakwal, a tantance su, a ɗan horar da su, su riƙa shiga aji huɗu zuwa shida. A haɗa makaranta ɗaya ta nan da ɗaya ta Matamaye ko Magarya, yara su riƙa musayar wasiƙu ta hannun direbobin hanya, namu su rubuta da Faransanci, nasu su amsa da Ingilishi. 'Yan'uwana malamai kuwa, kasuwar gwangwani ba ta jiran izinin kowa, ku fara ta a ajinku wannan zangon.