Tambayar Goggo

Jiya bayan isha ina ɗakin gwaji a nan Ibadan, Goggo ta kira. Shekararta biyu tana fama da dajin mama. "Ɗan nan, an ce maganin daji kake karantawa?"

To me zan ce? Ni aikina kan HDAC ne. DNA a naɗe take jikin histon kamar zare a mazari. HDAC ya cire asetil, naɗin ya tamke, ƙwayoyin gadon da ke taka wa daji birki su yi tsit. Akwai maganin da ke toshe shi, vorinostat. Amurka ta amince da shi tun 2006, amma na wani dajin fata ne, ba irin nata ba.

Na ce, "Goggo, a dai ci gaba da zuwa asibiti." Ta ce Allah ya ba ni sa'a. Wallahi kasa ƙarasa aikin na yi.