Baki Ya Ce Na Haƙura, Jiki Bai Ce Ba

A zaman sulhu irin namu babu abin da ya kai "na haƙura" saurin fita. Dattijo ya yi nasiha, a jawo aya da hadisi, a ce ƙarami ya ba da haƙuri, babba ya yafe, a yi musabaha, a shafa fatiha, kowa ya ɗauki takalminsa. Kafin wata ya zagayo sai ka ji maganar ta dawo ɗanya. A ganina kunya da kawaici ne suke yi mana wannan aikin. Yaron da aka yi wa tarbiyya ba zai musa wa sa'an mahaifinsa a cikin taro ba, don haka bakinsa zai faɗi abin da ake so a ji. Jikinsa kuwa bai iya kara ba, kuma da shi zai koma gida.

Wajen kawuna na fara lura da haka. Shi ake kira idan magana ta gagara a danginmu, ni kuma nake riƙe masa takarda ina rubuta abin da aka tsayar. An taɓa kiransa kan gidan gado tsakanin wasu 'yan uba biyu. Malamai sun riga sun yi lissafi, kowa ya san kasonsa, ƙaramin ma ya ce ya yarda har sau biyu. Amma babban yatsan ƙafarsa sai tonon tabarma yake yi, muƙamuƙinsa a ɗaure, kuma duk lokacin da aka ambaci ɗakin da ke bakin zaure sai ya haɗiye yawu ya juya kai gabas. Kawu ya hana a yi fatiha. Ya ce a kawo ruwa, a tashi a yi la'asar tukuna. Da aka dawo ya matsa kusa da shi, ya sassauta murya ya ce, "Ɗana, tun ɗazu na ga idonka ya ƙi zuwa wajen ɗakin can. Me ke cikinsa?" Yaron ya daɗe bai ce komai ba, sannan hawaye suka zubo. A ɗakin mahaifiyarsa ta yi jinya, a ciki ta rasu, shi ne kuma yayansa yake shirin fasawa ya yi shago. Babu wanda ya kawo wannan a lissafi, domin ba a raba shi da alƙalami. Daga nan aka soma sulhun gaske, aka yi musayar ɗaki da wani fili na bayan gida.

Abin da ya fi ba ni mamaki a wajen Kawu shi ne yadda yake gadin nasa jikin. Ya ce mini idan ya ji ƙirjinsa ya ɗau zafi, ko ya tsinci kansa yana gyaɗa wa mutum ɗaya kai kafin ya gama magana, to ya san ya soma karkata, sai ya nemi uzurin alwala ya fita. Ba ya shiga zama da yunwa. Wannan yana da asali: hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Bakra ya hana mai hukunci ya yanke tsakanin mutum biyu yana cikin fushi, malaman fiƙihu kuma suka haɗa da matsananciyar yunwa da ƙishi da gyangyaɗi. A ruwayar Abu Dawud an umarci wanda ya fusata a tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kwanta. Ku lura, maganin da aka bayar na gaɓoɓi ne.

Masu bincike sun iso wurin ta wata hanya. John Gottman, masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Washington da ke Amurka, ya yi shekaru yana auna bugun zuciyar ma'aurata suna tsaka da gardama. Ya gano cewa idan bugun ya haura wajen 100 a minti ɗaya, mutum ba ya iya sauraro yadda ya kamata, jiki ya riga ya shiga shirin faɗa ko gudu, kuma yana buƙatar aƙalla minti 20 kafin ya sauka. Tafiya masallaci, alwala, raka'a huɗu, dawowa: ku lissafa da kanku.

Wani lokacin minti 20 ba su isa komai ba. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye na Kaduna sun yaƙi juna a rikicin 1992 da ya faro daga Zangon Kataf. Wuye ya rasa hannunsa na dama, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan uwansa biyu. A 1995 aka haɗa su, suka soma aikin sasanci tare, har suka shiga tsakani a Yelwan Shendam bayan kashe-kashen 2004. Duk da haka Wuye ya sha ba da labarin cewa ya yi shekaru, idan tafiya ta haɗa su ɗaki ɗaya, zuciyarsa tana raya masa ya danne abokin nasa da matashin kai. Da rana suna wa'azin zaman lafiya a dandali ɗaya, da dare jiki yana tuna abin da aka yi masa. Na fi amincewa da sulhun mutumin da zai iya faɗin wannan a fili.

Sai dai karatun jiki ba duba ba ne. Wasu littattafan Turawa suna cewa mai kauce wa ido yana ɓoye wani abu. A nan kuwa yarinyar da ta zuba wa surukinta ido ita ce mara kunya, sunkuyar da kai ladabi ne. Shi ya sa Kawu ba ya cewa "na gane ƙarya kake", sai dai ya faɗi abin da ya gani ya bar mai jikin ya fassara. Akwai kuma alamar da ba ta jiran fassara. Matar da ta zabura ta kare fuska don kawai mijinta ya ɗaga hannu zai gyara hula, wannan ba a ce mata ta yi haƙuri ta koma ɗakinta a ranar. A raba zaman, a samo mace babba ta keɓe da ita, a tambaye ta inda miji ba ya ji.

Mu da muke koyon rubutu, mu duba wuraren sulhu a labaranmu. Yawanci Alhaji ne zai yi jawabi shafi uku, kowa ya ce "gaskiya ne Abba", a rufe babi. A zaman dangi na gaba da za ku halarta, ku bar bakunan manya na ɗan lokaci ku kalli hannaye da ƙafafu, wa ya ƙi taɓa ruwan da aka ajiye masa, wa ya zauna dab da ƙofa, wa ya miƙa hannu a musabaha yatsunsa a sake.