Kukan Amarya Da Kukar Miya

Jama'a, yau dai bari in tona wa kaina asiri. Ni ɗin nan da ku ke karanta rubutuna, sai da na shafe wata huɗu a ɗakin miji gabana na faɗuwa duk lokacin da na doshi ƙofar kicin.

Ni ce auta a gidanmu. Yayyena mata uku ke girki, ni kuwa ina ƙuryar ɗaki rungume da littafin soyayya, daga nan sai makarantar kwana. Don haka a littafi na koyi girki. Kun dai san yadda abin ya ke: tauraruwa za ta shiga kicin bayan la'asar, kafin magariba ta jera kuloli bakwai a tebur, ga soyayyar shinkafa, ga farfesun kaza, ga lemon kankana, sannan ta yi wanka ta caɓa ado. A fim ma haka ne. Ban taɓa karanta inda aka faɗi wanda ya kai mata markaɗe ba, balle wanda ya wanke tukwanen.

A ƙarshen 2015 aka ɗaura mini aure, ina koyarwa a wata firamare a Kano. In dawo ƙarfe biyu a gajiye, sannan in fara tunanin me za a dafa, in nemi yaron aike, in gyara kayan miya, a je layin inji. Kafin in ɗora tukunya an kira la'asar. Maigida bai taɓa yi mini faɗa ba. Sai dai ya fara shigowa da daddare yana cewa, "Bar shi kawai, na ci a waje." Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ranar da Hajiya mahaifiyarsa ta aiko za ta zo, sai na ce yau zan nuna ni ma mace ce. Na ɗora abinci kala uku lokaci guda. Shinkafa ta kama, miya ta yi tsami, kaza kuwa ko haƙori ba ya shigarta. Haka ta iske ni zaune a kan turmi ina rusa kuka. Na sunkuyar da kai ina jiran abin da zai biyo baya. Ta buɗe tukwanen ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "'Yar nan, ba girki ne ya fi ƙarfinki ba. Kullum daga tushe ki ke farowa, sau uku a rana. Ko jaki aka yi wa haka sai ya kwanta. Ki jira ni ran Asabar."

Ran Asabar sai ga ta da kaya niƙi-niƙi daga kasuwar 'Yankaba. Mu ka markaɗa tumatir da tattasai da attaruhu da albasa masu yawa, mu ka tafasa har ruwan ya ƙone, sannan mu ka soya da man gyaɗa har mai ya taso sama. Ta sa na raba a ƙananan robobi, kowace ta girki ɗaya, na jera a firji. Ta ce idan wuta ta yi tafiyarta, in juye a tukunya in riƙa tafasawa safe da yamma, kada in tsoma jiƙaƙƙen cokali, kada kuma in bari ya wuce kwana uku. Nama mu ka tafasa da citta da albasa, mu ka soya, romon mu ka ajiye daban. Mu ka daka daddawa da citta da masoro da kanumfari a gwangwani ɗaya, yaji a wani. Mu ka tsince wake kwano guda, rabi aka niƙo da garin rogo, mu ka haɗa da kuka mu ka tankaɗe, ya zama garin ɗanwake. Kafin azahar mun gama.

Wannan makon na ga abin mamaki. Soyayyen markaɗen nan guda ɗaya, Lahadi na ci shi da shinkafa, Litinin na zuba masa alayyahu ya zama wata miyar, Talata na tsinka shi da romo na zuba taliya. Laraba na kwaɓa garin ɗanwake da ruwan kanwa na jefa, ga mai ga yaji, ko rabin awa ban yi ba. Alhamis na tuƙa tuwo na kaɗa miyar kuka da dakakkiyar daddawata, da safe mu ka karya da ɗumame. Maigida ya side kwano ya ce, "Yaushe rabon!"

Hajiya ba ta tsaya nan ba. Lokacin tumatir na araha, ta sa mu ka yanka kwando guda mu ka shanya ya zama kauɗa. Ni har raina abin na yi. Ai kuwa a 2016 ɗin nan tsutsa ta afka wa gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina, ya yi tsadar da sai wane da wane. Maƙwabtana na ƙirga tumatir ɗai-ɗai, ni sai dai in jiƙa kauɗata in markaɗa. A nan na gane kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da kauɗa duk dabara ɗaya ce ta iyayenmu: a sha wahalar sau ɗaya, a daɗe ana cin moriya. Da sanyin safiya a kan kama fara.

Don haka 'yar'uwa, idan kicin na ba ki tsoro, kada ki ɗauka ke raguwa ce. Ware safiya ɗaya a mako, ki fara da markaɗe da dakan daddawa kawai, ki riƙe abinci kala huɗu da hannunki ya faɗa a kansu. Sauran za su zo da kansu.

Ku kuma marubutanmu da masu shirya fim, don Allah ko sau ɗaya ku nuna mana tauraruwa tana ɗumama tuwon jiya, angonta na santi. Akwai amaren da ke auna kansu da abin da ku ke rubutawa, ni shaida ce. Hajiya kuwa, Allah ya saka mata da Aljanna, har yau ba ta taɓa ba kowa labarin shinkafar nan da ta kama ba.